Akwatin da Na Sa Hannu Aka Sayo

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare aka kawo akwatunan. Wata babbar mota ce ta sauke su a bayan ofishin firinsifal, manya-manyan akwatunan katako, da wasu haruffa a jikinsu waɗanda babu mai iya karantawa a cikinmu. Aka ce mana injuna ne daga ƙasashen gabashin Turai, na sabon darasin fasahar nan da ya zo tare da tsarin 6-3-3-4 wanda Najeriya ta fara a 1982. Har na bar makarantar ba a zare ƙusa ɗaya daga jikinsu ba. Babu ɗakin da za a kafa su, babu wutar da za ta tayar da su, malamin da aka ɗora wa darasin kuma lissafi ya karanta. Da alli yake zana mana injin sassaƙa ƙarfe a allo, mu kwafa, mu haddace sunayen sassansa, mu ci jarrabawa. Akwatunan kuwa suka zama bencinmu, a kansu muke cin ƙosai idan an tashi tara. Damina ta dake su, gara ta shiga ta yi nata rabon.

Na daɗe ina ba da wannan labari a duk inda aka taru ana zagin yadda ake wasa da ilimi a gida. Ina ba da shi da gadara, kamar wanda ya fi ƙarfin irin wannan wauta. Sai da na haura shekara arba'in, a ƙasar da ba a ɗauke wuta, na maimaita shi da hannuna.

Koyar da fasaha na karanta a kwalejin ilimi, na yi 'yan shekaru ina koyar da aikin ƙarfe a wata kwalejin fasaha ta gwamnati, ina shirya yara su zauna jarrabawar NABTEB. Daga nan bizar nan ta ƙuri'a ta faɗo kaina, na tsinci kaina a jihar Ohayo ta Amurka. Na yi aikin dare a masana'anta, da rana ina karatun neman lasisin koyarwa, na koma aji, daga baya aka ɗauke ni zuwa ofishin gundumar makarantu a matsayin mai kula da ilimin sana'a da fasaha, abin da suke taƙaitawa da CTE.

Ga wanda bai san tsarin ba, a Amurka ba gwamnatin tarayya ce ke tafiyar da makarantu ba. An yanka ƙasar gunduma-gunduma, wajen 13,000, Ohayo kaɗai tana da fiye da 600. A mafi yawansu mutanen gari ne ke zaɓen majalisar da ke kula da makarantun, ita kuma ta ɗauki babban sufeto. Kaso mai tsoka na kuɗin daga harajin gidaje da filaye yake fitowa, kuma a jiharmu idan gunduma tana son ƙari sai ta kai maganar akwatin zaɓe, masu zaɓe su ce e ko a'a. Wato tsohuwar da ke maƙwabtaka da kai, wadda jikokinta suka gama makaranta tuntuni, tana da ta cewa a kan ko za a gyara rufin ɗakin walda. Tarayya tana sa hannu a ilimin sana'a tun dokar Smith-Hughes ta 1917, wadda ta ba da kuɗin koyar da noma da sana'o'in masana'antu da kula da gida. Wadda muke aiki da ita yau sunan Carl Perkins take ɗauke da shi, wani ɗan majalisa daga Kentaki da ya rasu a 1984, shekarar da aka kafa ta. An sabunta ta sau da dama, na baya-bayan nan a 2018. Duk wanda ya yi aikina, kalmar Perkins ta fi sunan 'ya'yansa yawan fita daga bakinsa.

To kuɗin Perkins ɗin nan ne ya kai ni ya baro. Ƙa'idarsa ita ce abin da gunduma ba ta kashe ba a shekarar, jiha yake komawa. A shekarata ta biyu a ofis, watan Yuni ya matso, ga ragowar kuɗi masu kauri a asusu. Dama na je wani baje-koli na ga injin sassaƙa ƙarfe mai aiki da kwamfuta, ka shigar masa da zane ya fitar maka da abin kamar an zuba a gwangwani. Yaron nan da ya zauna a kan akwati yana cin ƙosai ya motsa a cikina. Na ce wallahi yaran gundumarmu ba za su koyi inji a allo ba. Na cike takardu, sufeto ya sa hannu don ya yarda da ni, aka kawo inji.

Ranar da aka kawo shi muka gano bai shiga ƙofar ɗakin ba. Da aka cire ƙyauren da gefen ƙofar aka tura shi da ƙyar, sai ga maganar wuta: mai layi uku yake buƙata, wannan ɓangaren ginin kuma babu ita. Yana son iskar kwamfireso mai tsabta, tamu tsohuwa ce mai tara ruwa. Kuɗin Perkins ba a gini da su, ofishin gine-gine kuma ya riga ya rufe kasafinsa. Amma duk waɗannan ƙanana ne. Babban abin shi ne malamin da ke ɗakin, dattijo mai hannu kamar faskare, wanda ya yi rayuwarsa a kan injunan juyawa da hannu, saura shekara ɗaya ya yi ritaya. Ya zagaya injin sau biyu, ya dube ni ya ce, "Yana da kyau. Wa zai koyar da shi?" Na ce ai shi ne. Ya ce, "Da ka tambaye ni, da na ce maka abin da nake buƙata shi ne awon ƙarfe guda ashirin masu kyau da isasshen ƙarfen da yara za su ɓata."

Injin ya yi kusan shekara biyu a lulluɓe da leda. Duk lokacin da na shiga makarantar sai in bi ta wata ƙofar. Wata rana ban samu hanyar kaucewa ba, na shiga, na tarar da yara uku sun jingina da shi suna cin abincin rana, ɗaya ya ɗora kwalin madararsa a kan teburin injin. Ban yi musu faɗa ba. Da wane bakin?

Tun daga ranar na juya tsarin tambayoyina. Kafin a yi maganar me za a saya, sai na san wa zai tsaya a gabansa, ya iya shi ko zai je horo, kuma idan ya tafi wa zai gaje shi. Mafi yawan abin da na koya a aikin nan daga wannan tambayar ya tsiro, domin a ilimin sana'a malami ne ke da tsada da wahalar samu, inji kuwa duk mai kuɗi yana iya yin odarsa ta waya.

Malamin waldarmu misali ne. Ya zo mana bayan karayar tattalin arzikin 2008, lokacin da masana'antu ke rufewa a jihar, har kamfanin motoci na GM ya rufe masana'antarsa ta garin Moraine kusa da Dayton a watan Disamba na shekarar. Mutum ne da ya yi shekaru yana waldar tankuna da bututu, idan ya ja layi a ƙarfe sai ka rantse ɗinkin keke ne. Jiha tana da hanyar da irinsu ke shiga aji da ƙwarewar aikinsu, sannan su riƙa ɗaukar darussan koyarwa a jami'a suna cikin aiki. A takarda abin gwanin sha'awa. A zahiri kuwa an ɗauko mutumin da bai taɓa tsayawa gaban 'yan shekara 16 ba, an ba shi makulli da kwamfuta, an ce ga ajinka. Da na karɓi ofis shi ne na farko da ya shigo wurina da takardar ajiye aiki a aljihu. Walda ba ta gagare shi ba. Abin da ya gagare shi shi ne rubuta tsarin darasi, da shigar da maki a manhaja, da takardun yara masu buƙata ta musamman da doka ta ce dole a bi, da kiran iyaye a waya, ga aikin gida na jami'a da dare. Kuma ya san idan ya fita, kafin mako ya zagayo wani kamfani zai ba shi abin da ya fi albashin malami.

Ban da wata dabara sai zama. Kowace Laraba bayan an tashi nakan je ɗakinsa, shi yana faɗa ni ina rubutawa. In ce, yau me ka koya musu? Ya ce ba komai, kawai ya nuna musu yadda ake riƙe hannu. In ce to me ya sa ake riƙe shi haka, idan an kwantar da shi fiye da haka me zai faru, ta yaya ka san yaro ya gane? Kafin ya gama amsawa tsarin darasi ya fito shafi biyu. Shekara guda muka yi a haka. Wani abokin aiki ya ce na mayar da kaina sakataren mai walda. Ban musa ba, don a duk abin da na yi a ofishin nan babu wanda ya kai wannan amfani.

Ni ma na kwashi nawa a wurinsa. Makonnin farko ba ya bari yaro ya kunna wuta, sai kariya: tabarau, safar hannu, takalmi, inda ake kashe gas, da kwas ɗin sa'a 10 na hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata. Idan yaro ya kawo masa walda mai sheƙi yana murmushi, ba ya yabo ba ya kushe. Sai ya sa a yanko yanki a kai injin lanƙwasa. Idan ta shiga ciki da kyau ƙarfen zai tanƙwaru lafiya, idan a sama kawai aka shafa sai ya buɗe baki a gaban kowa. Yakan ce musu shi ana iya yi masa daɗin baki ya ƙara maki, amma ƙarfe ba ya jin roƙo. Na ga yaran da kowane malami ya sallama, masu zagin duk wanda ya gyara musu rubutu, sun ɗauki ƙarfen da ya tsage sun koma sun sake ba tare da an ce musu uffan ba.

Akwai wata yarinya mai hijabi da ta shiga ajinsa. Ya kira ni a rikice, yana tsoron kada ya faɗi abin da zai zama cin fuska. Damuwarsa ta gaskiya ce: yadin roba narkewa yake ya manne a fata idan tartsatsi ya faɗa masa, kuma duk abin da ke reto yana iya shiga inji. Muka zauna da mahaifiyarta, aka ɗinka mata na auduga mai kauri wanda ake cusawa cikin rigar aiki. Minti goma maganar ta ɗauka. Da an bar shi da tsoronsa, da wataƙila shawara za a ba ta ta koma ajin jinya, a ce an taimake ta.

Abin da ya fi kashe shirye-shirye a idona, bayan rashin malami, jadawali ne da motar makaranta. Darasi a sakandare bai cika wuce minti 50 ba, ɗakin aiki kuwa yana son sa'a biyu zuwa uku a jere, don kafin a sa kayan kariya a fito da kayan aiki an ci kwata. Yaron da ya faɗi lissafi, sai a cire shi daga ɗakin aiki a mayar da shi ya maimaita lissafin, alhali saboda ɗakin aikin nan kaɗai yake tashi da safe. Bayan wata biyu sai ka neme shi ka rasa a duka biyun. Na sha rigima da masu tsara jadawali a kan wannan har muka samu wata malamar lissafi da ta yarda ta riƙa shiga ɗakin kafintoci. Amurkawa da inci suke awo, ana raba shi biyu, huɗu, takwas, sha shida, abin da ni kaina da na taso da milimita ya ba ni ciwon kai. Yaron da ya rantse ba ya gane ɓangarorin lamba, idan katako ya gaza da 1/16 ƙofa ta ƙi rufuwa, nan take yake ganewa.

Darasin da ya fi yi mini zafi kuwa wata tsohuwa ce ta ba ni, baƙar fata 'yar asalin ƙasar, mai riƙon jikanta. Mun aika mata takarda cewa an ba yaron gurbi a sashen gini. Na zaci godiya ta zo yi. Ta zauna, ta ɗora jakarta a cinya, ta ce, "Ɗana, tambaya ɗaya gare ni. Shi ya zaɓa, ko ku kuka zaɓa masa?" Na fara zuba mata bayanin albashin magina. Ta bar ni na gama, sannan ta ce a zamaninta ita da 'yan'uwanta babu wanda aka tambaya. Mai ba da shawara ya dubi fatarsu da unguwarsu, mazan ya tura su ɗakin katako, matan ɗakin girki da ɗinki, ajin masu shirin jami'a kuma aka bar wa wasu. Ta ce ba ta raina gini ba, mijinta birkila ne, da cokalin gininsa suka sayi gida. Abin da ba za ta yarda da shi ba shi ne a sake rufe wa jininta ƙofa da sunan taimako.

Na san a littafi cewa wannan gardama tsohuwa ce a tsakaninsu. Booker T. Washington, wanda ya jagoranci makarantar Tuskegee a Alabama tun kafa ta a 1881, ya dage a kan koyon sana'a, W.E.B. Du Bois kuma ya ce ba za a tsayar da baƙar fata a nan ba, dole su sami ilimi mai zurfi da cikakken 'yanci. Amma sanin littafi daban, zaman tsohuwar nan a gabana daban. Da ta tafi na buɗe rajistar sassanmu ɗaya bayan ɗaya. Ban buƙaci wani masani ya fassara mini ba. Sashen kwamfuta da na share fagen injiniya cike suke da 'ya'yan unguwannin masu hali. Girki da gini kuma nan aka tara 'ya'yan talakawa da na baƙin haure, musamman waɗanda Turancinsu bai nuna ba, wai ai aikin hannu ba ya buƙatar magana. Babu wanda ya zauna ya ƙulla wannan da mugunta. Kowa ya yi abin da ya ga ya dace da yaro, ni ma a ciki, sai ga shi mun sake gina abin da tsohuwar ta gudo daga gare shi.

Jikan nata, da aka tambaye shi, ginin yake so. Amma mun canja yadda ake shiga. Yara suna zagaya dukkan sassa tun kafin lokacin zaɓi, da ƙafarsu, su taɓa kayan aiki. Ana kiran iyaye da tafinta idan da buƙata. Na kuma kafe a kan cewa duk wanda ke sashen sana'a sai ya ɗauki darussan da za su ba shi damar shiga jami'a idan ya canja ra'ayi. Shirin College Credit Plus da jihar ta fara a 2015, wanda ke ba ɗan sakandare damar ɗaukar darussan kwaleji ba tare da iyayensa sun biya ba, ya taimaka mini ƙwarai wajen wannan. Yaro yana iya fita da takardar walda a hannun dama, makin kwaleji a hagu.

Sai mutanenmu. Bayan sallar Juma'a nakan zama ofishi mai tafiya, kowa da tambayar makarantar ɗansa. Wani bawan Allah daga Nijar, direba, ya ja ni gefe ransa a ɓace, ɗansa ya ce wayarin yake so ya koya. Ya ce, "Malam, ban tsallako teku ina kwana a kan sitiyari don yaron nan ya zama mai hawa tsani ba. Me zan ce wa mutanen gida?" Na ce, "Alhaji, bari in gaya maka yadda abin yake a nan." Na bayyana masa cewa mai koyon wayarin a tsarin da gwamnati ta yi wa rajista yakan yi shekara huɗu zuwa biyar, wajen sa'a 8,000 a bakin aiki ban da darasin aji, ana biyan sa tun ranar farko, albashin yana hawa yana ƙara ƙwarewa. Ba ruwansa da bashin karatu. Da na ambaci bashin sai ya yi shiru, don ya san rancen jami'a a ƙasar nan da ruwa yake tafiya, kuma abin yana damun duk mai tsoron riba. Bai amsa mini a ranar ba. Ya ce zai yi shawara da uwar yaron.

Na fahimce shi sarai. Mun fito daga inda sana'a take da gado da daraja hawa-hawa, an san gidan maƙera, an san na wanzamai da mahauta da dukawa, an kuma san wanda ake jinkirin ba wa aure. Boko ya zo ya ƙara nasa: mai biro a ofis shi ne mutum, mai baƙin mai a riga yaron gareji ne ko da ya fi shi samu. Har tsakanin masu takarda, dubi yadda aka daɗe ana fifita mai digiri a kan mai babbar difloma ta kwalejin kimiyya da fasaha. Wannan kayan da shi muke sauka a filin jirgi, ba a kwace shi a kwastan.

Ina cikin wannan wa'azi a masallaci, ɗana na biyu ya same ni a falo ya ce, "Baba, ni fa gyaran na'urorin ɗumama gida da sanyaya shi nake so in yi." Kafin in yi tunani bakina ya riga ni: "Duk makin nan naka?" Mahaifiyarsa tana kicin, ta leƙo ta ce, "Malam, ashe na 'ya'yan wasu ne?" Laifi tudu ne. Na yi kwana biyu ina kumbure-kumbure, ina neman hujjar da ba ta da warin girman kai, ban samu ba. Na sa masa hannu a takardar. A jihar da sanyin hunturu ke fasa bututun ruwa, wayarsa ba ta hutawa daga Disamba zuwa Maris. Har yau idan 'yan'uwa suka kira daga gida suka tambayi me yake yi, nakan ji harshena yana neman ya ce injiniya. Wani lokaci ina kama shi, wani lokaci yana kufce mini.

Rabin aikina takarda ne, kuma ba zan yi ƙaryar cewa duka ɓata lokaci ba ne. Dokar 2018 ta wajabta wa kowace gunduma ta zauna aƙalla duk shekara biyu ta auna bukatun yankinta tare da masu masana'antu da iyaye da malamai kafin ta kashe kuɗi. Da wannan ƙa'idar tana nan a lokacin, da wataƙila injina bai shigo ba. Amma ƙidaya tana da nata tarkon. A Ohayo an ba takardun ƙwarewa maki-maki, idan yaro ya tara 12 a fanni ɗaya suna taimaka masa wajen cika sharuɗɗan kammala sakandare, makaranta kuma ta fito da kyau a rahoto. Nan da nan sai ka ga ido ya koma kan takardar da ta fi sauƙin samu, ko da babu mai ɗaukar aiki da ya taɓa tambayar ta. Na taɓa zuwa gaban kwamitin masu ba mu shawara, masu gareji da 'yan kwangila da wata shugabar ma'aikatan jinya, ina alfahari da yawan satifiket ɗin da yaranmu suka samu. Wani mai kamfanin gyaran famfo ya saurare ni har ƙarshe, ya ce shi abu uku yake nema: yaro ya zo ƙarfe bakwai, ya iya karanta tef ɗin awo, kuma ya kasance da lasisin tuƙi. Lasisin tuƙi! Ban taɓa sa shi a lissafi ba. Ashe yara da yawa da muka horar sun rasa aiki ne don wurin aikin yana bayan gari inda bas ba ta zuwa, iyayensu kuma ba su da kuɗin makarantar koyon tuƙi. Shekarar da ta biyo baya, da taimakon wasu 'yan kasuwar gari, muka fara biya wa masu ƙaramin ƙarfi. Babu gurbin wannan a cikin rahoton da nake aika wa jiha.

Annobar korona ta rufe makarantu a watan Maris na 2020, na ga malamin gyaran mota yana nuna birki ta kyamarar waya, yara suna kallo daga gadajensu. Allo da alli ne suka dawo da sabuwar riga. Mu ne muka fi kowa naci a bar yaranmu su koma ɗakunan aiki rukuni-rukuni. Sannan a Janairun 2022 kamfanin Intel ya sanar da zai zuba dala biliyan 20 ya gina masana'antu kusa da Kolambas, sai kowace gunduma ta tashi tana son sashen haɗa ƙwaƙwalwar kwamfuta. A taron da aka yi a namu ofishin, ana ta kawo hotunan kayan da za a saya. Na ɗaga hannu na yi tambayar dattijon nan: wa zai koyar? Ɗakin ya yi tsit, wani matashi ya dube ni kamar mai hana ruwa gudu. Na ba su labarin ledar da kwalin madara, karo na farko da na faɗe shi a bainar jama'a.

Da na je gida hutu na shiga Panteka a Kaduna, na zauna wurin wani oga mai ƙera injin niƙa daga tarkacen ƙarfe. Yaransa shida, babu allo babu jadawali, ƙaramin cikinsu yana riƙe masa ƙarfe yana kallon hannunsa. Babu tabarau a idon ko ɗaya, sai wani da ya kare da gilashin rana, abin da ya sa cikina ya juya. Na yi masa magana, ya ce, "Yallaɓai, ku can kuna da komai." Na ce muna da kaya, amma irinsa muke nema ruwa a jallo. Dariya ya yi, ya ɗauka ba'a nake. Washegari na kawo masa hulunan walda uku daga kasuwa, ya karɓa ya yi godiya, ya rataye biyu a ƙusa.

Injin nawa yana aiki yanzu. Sai da aka ja wuta, aka samu wata matashiya daga wata masana'anta da ta yarda ta rage albashi ta zo koyarwa, ita ma muka yi zaman Larabarmu shekara guda. Malamin walda kuma ya sanar da ni zai yi ritaya a ƙarshen wannan zangon, gwiwoyinsa sun gaji da siminti. Tallar gurbinsa ta yi wata huɗu a shafin gunduma, mutum biyu suka nema, ɗaya ya ji albashin ya kashe waya. Akwai wani tsohon ɗalibinsa da ke aiki a wani shagon ƙera tireloli a bayan gari, an ce yana da haƙuri da sababbin yara. Ranar Litinin ni da malamin za mu je mu same shi lokacin cin abincin rana. Malamin ya ce in bar masa maganar walda, ni in ji da maganar inshorar lafiya da hutun bazara.